Ordinatar Arzika Direba

Har yau ban manta ranar da matar Arzika direba ta shigo atiliyenmu, wato shagon gyaranmu, ba. Ran kasuwar Filinge ce, bayan an gama yankan hatsi, shago cike da mutanen ƙauye masu jiran a gyara musu waya. A lokacin ina aiki ƙarƙashin Malam Ide, wanda da yawanku kun sani. Shi ne mai shagon, shi ke karɓar aiki, shi ke sallamar mutane. Ni kuma ina teburin baya da turnabis na kwance ƙusa da abin narka dalma, ban daɗe da dawowa daga koyon gyaran ordinata, wato kwamfuta, a Yamai ba. Yawancin aikinmu waya ce da injinan buga takardu na ofisoshi da makarantu. Ordinatar wasa kuwa, rabona da taɓa ta tun ina Yamai.

Matar ta tsaya gefe har mutane suka ragu, sannan ta kwance wani zane ta ajiye ordinata a kan tebur. Irin ta naɗewa ce, baƙa, mai kauri, da ramukan iska a gefe da baya. Ta ce sunanta Fati, maigidanta ne ya aiko ta, ya ce a cire kart grafik ɗin ciki a sa wadda ta fi ƙarfi. Ta faɗi kalmar a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Daga baya ta gaya mini tun daga ƙofar gida take maimaita ta don kada ta ɓace mata a hanya.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, bari in yi muku bayani. Kart grafik ita ce ke zana hoton da ke fitowa a ekiran, wato gilashin da ake kallo. A ordinatar tebur abu ce mai zaman kanta, ka kwance ƙusa ka zare ta, ka cusa wata, shi ke nan. A ta naɗewa ba haka ba ne. Galibi an manne ta da dalma tun daga masana'anta a jikin babban allon da muke kira kart mer, ba ta fita. Akwai wasu ƴan tsiraru na da can da ake iya canzawa, shi ya sa ƙa'ida ita ce ka buɗe ka gani da idonka kafin ka ba da amsa. Na buɗe ta Arzika a gaban matar. A manne take.

Malam Ide ya san Arzika, kamar yadda duk mai zuwa tasha ya san shi. Shekaru ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Yamai da Kwatano. Wata rana taya ta fashe masa da kaya bayan ya wuce Doso, motar ta kife, bayansa ya karye. Likitoci suka yi abin da za su iya, suka ce ba zai ƙara takawa ba, aka dawo da shi gida. Ƙanensa Bubakar da ke aiki a Aljeriya ne ya aiko masa da ordinatar, haɗe da sitiyarin wasa.

Malam Ide ya jawo ni gefe ya ce in rufe in mayar mata, in gaya mata gaskiya. Ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, mutum na kwance da irin wannan ciwo bai kamata wasan yara ya dame shi ba, a bar iyali su ji da magani. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka ya ga abin.

Na yi wa Fati bayani. Ta saurara har na gama, ba ta miƙa hannu ta ɗauki ordinatar ba.

"Malam Salifu," ta ce, "don Allah ka zo ka hwaɗa mishi da bakinka. Ni ba ni iya kai mishi wagga magana."

Sai ta gaya mini dalili. Da aka dawo da shi daga asibiti, ya juya fuska ga bango. Watanni ba ya magana sai in an matsa, tuwo sai an roƙe shi yake yin loma biyu. Abokansa direbobi suna zuwa suna komawa, ba ya ko ɗaga kai. Ranar da aka haɗa masa wannan na'ura ce ya fara neman a ɗaga shi a jingina. Yanzu abin ya fara ba shi haushi, tana ganin fuskar na shirin komawa bango.

Washegari bayan azahar na nemi izini na tafi. Gidan yana bayan kasuwar dabbobi. Na same shi a kan gadon ƙarfe, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, amma ƙafafun da ke ƙarƙashin mayafi sun zama kamar na wani dabam. An gicciya katako a kan gadon, an ɗaure sitiyarin a jiki. Da yake ƙafa ba ta aiki, ya mayar da birki da totur kan maɓallan da ke jikin sitiyarin. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce kafin in ce komai in kunna in gani.

Wasan tuƙin babbar mota ne. Ka ɗauki kaya a wani gari ka kai wani, da madubai, da giya, da tsayawa shan mai. Hanyoyin ciki na ƙasashen Turawa ne, amma shi ya raɗa musu sunayen da ya sani. Ya nuna mini wani mararraba ya ce nan ne Doso, wani gangare ya ce shi ne wanda ake sauka kafin Gaya. Hannunsa a kan sitiyari abin kallo ne, ba gaggawa, ba fizga. Muna cikin tafiya sai hoton ya tsaya cak, ya yi tsalle, kafin ya dawo motar ta riga ta faɗa rami. Ya saki sitiyarin.

"In hanya na tahiya sumul, ƙanena, ina manta gadon ga," ya ce. "Ina jin nauyin kaya bayana, ina jin mota na numfashi. Amma da ta tsaya haka, sai in ga rufin ɗaki."

Na gaya masa gaskiya, cewa kart ɗin ba ta cirewa. Bai yi gardama ba. Ya ce direba ya san akwai gyaran da ba ya yiwuwa. Amma na ga idonsa ya tafi wajen bango, sai na ce ya ba ni ordinatar in gwada abin da ke hannuna.

Na yi duk abin da ake fara yi. Na kwance fankokin na fitar da ƙurar da ta toshe su, na goge tsohon man da ke sanyaya kart ɗin na shafa sabo, na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na rage nauyin hoton a cikin wasan. Da safe sai ta yi kyau. Da rana ta take, ɗakin kwano ya ɗau zafi, sai tsallen ya dawo. Kuma da na rage nauyin hoton, madubai suka dushe, ya ce shi bai taɓa tuƙi ba ya ganin bayansa ba.

Akwai hanya ɗaya da ta rage, wadda na taɓa gani wajen wani abokina a Yamai amma ban taɓa yi da hannuna ba. Cikin ordinatar akwai wani ƙaramin rami na ƙarin ma'ajiya da ba a sa komai ba. Ana iya cusa wata igiya mai faɗi a nan, ta fito waje ta shiga wani ɗan allo da muke kira adaptata. A kan allon sai a dasa kart grafik irin ta ordinatar tebur, a ba ta akwatin wutarta dabam, hoto kuma ya fita ta tele. Haɗarin shi ne, in aka yi kuskure ko kuran, wato wutar lantarki, ta yi wasa, kart mer na iya ƙonewa, a rasa duka.

Malam Ide ya ƙi da farko. Ya ce in ta ƙone, sunan shagonsa za a kira a tasha, kuma mu ne za mu zama waɗanda suka raba gurgu da abin da ya rage masa. Maganarsa tana kan hanya. Na roƙe shi ya bi ni ya ga mutumin. Muka je tare bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma ya kalli Arzika na tuƙi har motar ta sake faɗawa rami. Da muka fito muka kusa shago, sai ya ce in yi, amma in zayyana musu haɗarin a gaban matarsa da mahaifiyarsa, kada in ɓoye komai.

Haka na yi. Na ce tana iya ƙonewa. Na ce kuma ko ta yi, ordinatar ta daina zama ta ɗauka a tafi da ita, za ta zauna wuri ɗaya da igiyoyi a jikinta. Arzika ya yi dariya har da tari.

"Salifu, ina za ni da ita?"

Mahaifiyarsa, Inna Dije, tana bakin ƙofa. Ƴar wani ƙauye ce cikin Kurfai, gidansu gidan bori ne tun kakanni. Ta riga ta kira masu goge sun yi wasa saboda ɗanta, kawunsa kuma malami ne, yana aiko da rubutu. Arzika ba ya musu da kowa, abin da aka ba shi yana sha. Da farko tsohuwar ba ta yarda da na'urar ba, ba ta ko son a bar ta a kunne in ta shigo. Amma ranar ta ce duk abin da zai hana ɗanta kallon bango, ba ta da faɗa da shi.

Kart ɗin ba ta yi wuyar samu ba, abokina ya samo wadda aka taɓa amfani da ita, mai lafiya, Bubakar ya ɗauki nauyinta. Adaptatar ce babu a Yamai gaba ɗaya. Sai da aka ba wani ɗan kasuwa mai fita waje saƙo. Aka ce mako biyu, mako biyu ya wuce. Aka ce kayansa sun tsaya a iyaka. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, muna jira.

Ban zauna haka nan ba. Kart da za ta zauna a fili cikin ƙurar garin nan tana bukatar gida, sai na je wajen mai walda na tasha. Da ya ji na wane ne, ya ajiye ƙofar da yake yi ya ƙera mini akwatin ƙarfe mai raga a gefe. Wani direba ya kawo telen ɗakinsa. Malam Ide da kansa ya ciro regilatar da ke daidaita wutar shagonmu ya ce in kai can.

Amma jikin Arzika bai jira mu ba. Kwanciya wuri ɗaya ta buɗe masa gyambo a baya, zafi ya ƙara masa. Majo, babban ma'aikacin jinya na unguwar, yana zuwa yana wankewa yana ɗaurewa, ya ce a riƙa juya shi. Fati na yi, dare da rana, har ita ma ta rame. Zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya. Duk lokacin da na leƙa, tambayarsa ɗaya ce, ko motar Yamai ta zo da saƙo. In na ce tukuna, sai ya ce ba komai, kaya in suna hanya suna isowa. Sannan ya hau ba ni labarin hanya: inda ake cin doya mai kyau, inda ba a tsayawa ko taya ta yi faci, yadda ake sauka gangare da kaya ba tare da an ƙona birki ba.

Ranar da saƙon ya iso, ɗan ƙunshi ne da bai cika tafin hannu ba. Na haɗa komai a shago, na yi bisimilla na kunna. Tele ta tsaya baƙa. Na kashe, na sake duba kowace igiya, na kunna, baƙa. Gumi ya rufe ni, na zaci na ƙona ta. Sai da na cire komai na ga ordinatar ta tashi lafiya, sannan hankalina ya dawo. Matsalar ta tsarin kunnawa ce da manhajar da ke gabatar da sabuwar kart ga na'ura. Na kira abokina, muka bi abin daki-daki. Dole a fara ba kart wuta kafin a tada ordinata, a kuma goge tsohuwar manhajar gaba ɗaya kafin a sa sabuwa. Kashegari da hantsi hoto ya fito. Na sa wasan, na mayar da komai matuƙarsa. Madubai suka fito tas, har inuwar itatuwa na gudu a jikin gilashi, ba tsalle ko ɗaya. Na bar ta a kunne cikin zafin rana don in tabbata. Ba ta gaza ba.

Muka ɗora kayan a amalanke muka kai gidan. Muna isa aka ɗauke kuran.

Na haɗa komai na zauna jira. A nan ne na lura da yadda ya koma. Kwana kaɗan ne ban gan shi ba, amma kafaɗun nan sun zube, leɓɓansa sun bushe, numfashinsa gajere. Fati ta ce mini a waje majo ya ce gyambon ya shiga jini, a kai shi Yamai ba da ɓata lokaci ba. An samu mota, da asuba za su tashi. Na ce to a bar wannan sai ya dawo. Ta girgiza kai, ta ce tun safe yake tambaya.

Ana kiran la'asar kuran ta dawo. Bayan mun yi salla na kunna. Ya kasa zama da kansa, matasan kai ma ba su riƙe shi ba, sai Fati ta hau gadon ta zauna a bayansa ya jingina da ƙirjinta. Inna Dije ta shigo ta zauna a ƙasa. Na gicciya katakon, na ɗora hannuwansa a kan sitiyari.

Ya daɗe yana kallon telen kafin ya tada mota. Ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya fita daga tasha a hankali. Hanya ta miƙe, ya ƙara giya. Ƙarar injin da ta fankar kart ɗin suka cika ɗakin. Can ya tambaye ni ko ana iya sa ruwa. Na ce ana iya. Na sa masa, sama ta yi duhu, ruwa ya sauko a gilashi, ya kunna abin sharewa. Na ga bakinsa ya motsa, ya ce haka ake shiga Gaya da damina. Ya wuce gangaren nan da ya saba faɗawa rami, motar ta sauka lafiya, ya haye gada.

Bai yi nisa sosai ba bayan nan. Hannunsa na dama ya zame daga sitiyarin, ya mayar da shi, ya sake zamewa. Na matso zan kama masa, ya ce in bari. Ya kunna sigina, ya rage gudu, ya sauka gefen hanya inda ke da fili, ya daidaita motar tsaf yadda ba za ta tare wa kowa ba. Ya ja birki, ya kashe inji. Ruwa na ta zuba a gilashin.

"Mota ta yi, Salifu," ya ce. "Aikinka ya yi kyau. Direba ne ya gaji."

Fati ta kifa fuskarta a kafaɗarsa. Ni na sunkuya kamar ina gyara wata igiya.

Da asuba aka shimfiɗa shi a bayan mota aka yi Yamai da shi. Bai cika mako a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka kawo shi gida, tasha ta watse, direbobi da masu lodi da masu faci duk suka bi gawa. Ranar ta faɗo ran kasuwa, Malam Ide ya rufe shago, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko da salla.

Na daɗe abin na cina. Watanni na jira, aiki na kwana da kwanaki, mutum ya yi tuƙin da bai kai tsakanin la'asar da magariba ba. Na riƙa cewa da adaptatar ta zo da wuri, da ya more ta. Da na je gaisuwa cikin gida na faɗi haka a gaban Inna Dije da Fati. Tsohuwar ta ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Fati kuwa, daga inda take zaune cikin mayafin takaba, ta ce kada in ƙara faɗin haka. Ta ce duk tsawon jiran nan, kullum da safe sai ya sa an wanke masa fuska an jingina shi, ya ci abin da aka ba shi, wai kada saƙo ya iso ya same shi ba ƙarfi. Ta ce bai ƙara juya wa ƴaƴansa baya ba har ya bar gidan.

Ordinatar na nan gidan, na cire mata igiyar na mayar da ita yadda take, babbar ɗiyarsa ke karatu da ita. Akwatin kart ɗin ban taɓa tambayar inda yake ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A aikinmu za ku yi ta faɗin "ba ya yiwuwa", kuma sau da yawa gaskiya ce, kada ku ji kunyar faɗinta, kada kuma ku yi wa mutum alkawarin abin da dalma ta riga ta manne. Amma kafin ku rufe na'ura ku tura ta gaban tebur, ku tambayi mai ita abin da yake yi da ita. Wani takardun ofis ne, wani hoton mahaifinsa ne, wani kuma abin da za ku kira wasa ne. Mu na'urar kawai muke gani a shago. Wanda ke jiranta yana gida, kuma wani lokaci ba shi da sauran lokaci mai yawa. Allah ya jiƙan Arzika, ya sa ya huta.